Bambancin tantance gaskiyar jimla da binciken yiwuwarta a manɗiƙin jimloli

Tambaya: Ina karatun manɗiƙin jimloli, aka ba mu wannan jimla: (P → Q) ∧ (Q → ¬R) ∧ (P ∨ R). Na ɗauki P gaskiya, Q ƙarya, R gaskiya, lissafi ya ba ni ƙarya, sai na rubuta cewa jimlar ba ta yiwuwa, amma malami ya soke amsar. Ina kuskuren yake, kuma dole ne kullum sai an zana jadawalin gaskiya gaba ɗayansa kafin a yanke hukunci?

Amsa: Lissafin da ka yi babu kuskure a cikinsa, hukuncin da ka ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa. Tambayoyi biyu ne suka cakuɗe maka, kuma da yake da alamomi iri ɗaya ake rubuta su, ɗalibai da yawa sukan ɗauke su abu guda. Ta farko ita ce: idan an riga an faɗa mini matsayin kowane harafi, gaskiya ne ko ƙarya, wane matsayi jimlar gaba ɗayanta take da shi? Ta biyu kuwa ita ce: a cikin dukkan hanyoyin da za a iya raba wa haruffan gaskiya da ƙarya, akwai ko da guda ɗaya da za ta mai da jimlar gaskiya? Kai ta farko ka amsa, alhali malaminka ta biyu ya yi maka. Kowace irin wannan hanya ta ba wa haruffa matsayi zan kira ta rabo, domin kalmar za ta yi ta dawowa.

Jimla a wannan fanni ita ce maganar da ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa, saboda haka umarni da tambaya da fata ba sa shiga. Harsashin fannin kuma ƙa'ida ɗaya ce: matsayin babbar jimla ya dogara ne kacokan a kan matsayin ƙananan jimlolin da aka haɗa ta da su, ba a duba ma'anarsu, ba a duba ko akwai dangantaka a tsakaninsu. George Boole na Ingila ne ya fara mai da wannan tunani lissafi a littattafansa na 1847 da 1854, shi kuwa jadawalin gaskiya ya yaɗu ne ta hannun Emil Post da Ludwig Wittgenstein, waɗanda kowannensu ya wallafa aikinsa a 1921. Kore, wato ¬, yana juya matsayi. Mahaɗin ∧ yana ba da gaskiya ne kawai idan ɓangarorinsa biyu gaskiya ne. Mahaɗin ↔ yana ba da gaskiya idan ɓangarorin sun yi daidai, ko duka gaskiya ko duka ƙarya. Mahaɗin ∨ yana bukatar ɗan lura, domin a maganar yau da kullum idan an ce “ko dai wannan ko wancan” yawanci ana nufin ɗaya kaɗai, amma ∨ ba ya zama ƙarya sai duka ɓangarorin sun zama ƙarya. Idan duka biyun gaskiya ne, yana karɓa.

Sharaɗi, wato →, shi ne ya fi kayar da masu koyo, don haka zan ɗan tsaya a kansa. P → Q ƙarya ne a hali ɗaya tak: P gaskiya, Q ƙarya. A sauran halaye ukun gaskiya ne, har da inda P ƙarya ne, kuma nan ne zuciya takan yi gardama. Dubi wannan magana: idan lamba ta rabu da 4 ba saura, to ta rabu da 2 ba saura. Babu mai jayayya cewa maganar gaskiya ce a kan kowace lamba. Gwada ta da 8, gabanta gaskiya, bayanta gaskiya. Gwada ta da 6, gabanta ƙarya, bayanta gaskiya. Gwada ta da 7, gaba da baya duk ƙarya. Da za mu ce sharaɗi yana faɗuwa duk sa'ad da gabansa ya zama ƙarya, da lambobi 6 da 7 sun ƙaryata maganar da muka yarda babu lambar da ke ƙaryata ta. Abin da zai karya ta shi ne kawai lambar da ta rabu da 4 amma ta ƙi rabuwa da 2, kuma babu ita. Wannan fahimta tsohuwa ce ƙwarai, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa wani masanin manɗiƙi na Girka, Filo, ya bayyana sharaɗi haka. Amfanin da za ka riƙe a aikace shi ne P → Q daidai take da ¬P ∨ Q a kowane rabo.

To, mu koma ga jimlarka. Da rabon da ka zaɓa, bakan farko, P → Q, ya haɗu da halin nan guda da ke kayar da sharaɗi, ya zama ƙarya, kuma tun da ∧ ne ya ɗaure bakan uku, faɗuwar ɗaya ta isa ta kayar da duka, ba sai ka duba sauran ba. Aikin ke nan, daga ciki zuwa waje, kuma tsawonsa bai wuce tsawon jimlar ba, ko da haruffanta dubu ne. Sai dai abin da ka gano shi ne jimlar ƙarya ce a rabo ɗaya daga cikin takwas. Bakwai suna nan ba ka taɓa su ba.

Domin a ga abin a fili, a ce P na nufin inji yana aiki, Q na nufin fankarsa tana juyawa, R na nufin murfinsa a buɗe yake. Jimlar tana shimfiɗa dokoki uku: idan inji yana aiki to fanka tana juyawa, idan fanka tana juyawa to murfi ba a buɗe yake ba, sannan dole a sami aƙalla ɗaya, inji yana aiki ko murfi a buɗe. Tambayar yiwuwa ita ce ko akwai halin da injin zai kasance a ciki ba tare da ya saɓa wa ko ɗaya ba. Maimakon cika jadawali, ɗauki harafi ɗaya ka bi abin da yake tilastawa. Idan P gaskiya ne, doka ta farko ta tilasta Q gaskiya, ta biyu ta tilasta R ƙarya, ta uku kuwa ta riga ta gamsu da P. Ga rabo ya samu: P gaskiya, Q gaskiya, R ƙarya. Da nan ka tsaya, ka amsa tambayar malaminka. Idan kuma ka bi ɗaya reshen, P ƙarya, doka ta uku ta tilasta R gaskiya, ta biyu ta hana Q zama gaskiya, ta farko kuwa ta gamsu tun da gabanta ƙarya ne. Rabo biyu ke nan daga cikin takwas suke gaskata jimlar, kuma babu na uku, domin rassan nan biyu sun cinye dukkan abin da zai yiwu.

Idan aka dubi jimla ta fuskar dukkan rabon da take da shi, ɗayan hukunci uku take ɗauka, kuma kalmomin da masu karatun hukuncin hankali suka saba da su sun dace da su. Akwai wajiba, wadda take gaskiya a kowane rabo, kamar P ∨ ¬P. Akwai mustahila, wadda take ƙarya a kowane rabo, kamar P ∧ ¬P. Akwai kuma ja'iza, wadda wani rabo yake gaskata ta wani yake ƙaryata ta, irin taka. Jimla mai yiwuwa ita ce duk wadda ba mustahila ba, don haka ta haɗa ja'iza da wajiba, kuma ɗalibai sukan manta cewa wajiba ma mai yiwuwa ce. Akwai wata gada a tsakanin iyakokin biyu da ya kamata ka haddace: jimla wajiba ce idan korenta mustahili ne, kuma korenta mustahili ne idan ita wajiba ce. Saboda wannan gadar, duk wanda ya iya binciken yiwuwa ya iya binciken wajabci, sai dai ya sa ¬ a gaban jimlar kafin ya fara.

Abin da na fi so ka tafi da shi shi ne rashin daidaiton nauyin hujja a tsakanin waɗannan hukunce-hukunce. Mai cewa jimla tana yiwuwa shaida ɗaya ake nema a wurinsa, ya kawo rabo guda, kowa ya gwada ya gani. Mai cewa jimla ba wajiba ba ce shi ma rabo guda mai ƙaryatawa ya ishe shi, kuma wannan shi ne ainihin abin da lissafinka ya tabbatar, ka nuna jimlar ba wajiba ba ce. Amma mai cewa jimla mustahila ce ya ɗauko babban kaya, domin da'awarsa ta shafi kowane rabo, sai ya toshe su duka, ko ɗaya bayan ɗaya ko ta hujjar da za ta share su jumla guda. Rabo goma masu ƙaryatawa ba su tabbatar da komai game da na goma sha ɗaya ba.

Za ka iya tambaya me ya sa aka damu da yiwuwa har haka. Dalilin shi ne ingancin kowace hujja a wannan fanni yana komawa gare ta. Hujja ingantacciya ce idan babu rabon da zai gaskata dukkan muƙaddimominta, wato maganganun da aka gina ta a kansu, ya kuma ƙaryata sakamakonta, wanda ke nufin haɗa muƙaddimomin da koren sakamakon yana haifar da mustahila. A ce wani ya yi da'awar cewa dokokin injin nan uku suna tilasta P da R su saɓa wa juna, wato ¬(P ↔ R). Kore da'awar, ka sami P ↔ R, ka ɗora ta a kan dokokin a matsayin ta huɗu. Rabo biyun da suka tsira ɗazu duk P da R sun bambanta a cikinsu, don haka doka ta huɗu ta kashe su duka, jimlar ta zama mustahila, da'awar ta tabbata. Haka kuma ake kama gurguwar hujja. Wanda ya ce “idan inji yana aiki fanka tana juyawa, ga fanka tana juyawa, ashe inji yana aiki” ya ba mu P → Q da Q, yana neman P. Ƙara ¬P, ka nemi rabo: P ƙarya, Q gaskiya ya gamsar da duka ukun. Rabon nan guda shi ne takardar shaidar rushewar hujjarsa.

Game da ɓangare na biyu na tambayarka, jadawali hanya ce da ba ta taɓa ba da amsar kuskure, kuma ba ta taɓa kasa ƙarewa, amma tana da tsada. Kowane harafi da aka ƙara yana ninka layukan jadawali biyu: haruffa 3 layi 8, haruffa 10 layi 1,024, haruffa 20 layi 1,048,576. Kwamfutar da ke duba layi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe fiye da shekara 36 a kan jimla mai haruffa 60, a kan mai haruffa 100 kuwa kimanin shekara tiriliyan 40. Masu ƙera kayan lantarki da masu tantance manhaja kuwa jimlolinsu sukan kai haruffa dubbai har miliyoyi, tun da Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa da'irar makunnai tana bin lissafin Boole sau da ƙafa. Tilas aka nemi wasu dabaru.

Matakin farko a yawancinsu shi ne a sake rubuta jimlar a siffa ɗaya: jerin gaɓoɓi da ∧ ya ɗaure, kowace gaɓa kuma haruffa ne ko korensu da ∨ ya haɗa. Dokokinmu huɗu sukan koma gaɓoɓi biyar: (¬P ∨ Q), (¬Q ∨ ¬R), (P ∨ R), (¬P ∨ R), (P ∨ ¬R). A nan akwai ƙa'ida mai sauƙi: idan wata gaɓa tana ɗauke da harafi, wata kuma tana ɗauke da korensa, ana iya haɗa su a zubar da harafin, abin da ya saura sabuwar gaɓa ce da dole ta gaskata muddin iyayenta sun gaskata. Haɗa ta farko da ta biyu a kan Q, ka sami (¬P ∨ ¬R). Haɗa wannan da ta huɗu a kan R, ka sami ¬P. Haɗa ta uku da ta biyar a kan R, ka sami P. Haɗa P da ¬P, babu abin da ya rage, kuma gaɓar da ba ta da komai a ciki babu rabon da zai gaskata ta. Taki huɗu sun tabbatar da mustahilanci ba tare da an zana layi ko ɗaya ba. Wani abin lura a gefe: mai da jimla wannan siffa ta hanyar buɗe baka kai tsaye yana iya kumbura ta fiye da kima, shi ya sa ake bin dabarar Grigori Tseitin ta ƙarshen shekarun 1960, inda ake ƙirƙiro sabon harafi ga kowane ɓangare na jimlar. Sabuwar jimlar ba daidai take da tsohuwar ba, amma tana yiwuwa ne kawai idan tsohuwar tana yiwuwa, kuma abin da ake bukata ke nan.

Abin da muka yi da hannu ɗazu, na ɗaukar harafi da bin abin da ya tilasta, shi ne zuciyar hanyar da Martin Davis da Hilary Putnam suka fara a 1960, sannan Davis da George Logemann da Donald Loveland suka gyara ta a 1962, ake kiranta DPLL. Duk gaɓar da harafi ɗaya ya rage mata, an san matsayin da harafin zai ɗauka, sai a ba shi, a share gaɓoɓin da suka gamsu, a rage waɗanda suka rasa ɓangare. Idan tilas ta ƙare, sai a zaɓi wani harafi a yi masa zato. Idan zaton ya kai ga karo, a koma baya a juya shi. Manhajojin zamani, tun daga GRASP a 1996 da Chaff a 2001, sun ƙara wani abu mai muhimmanci: duk lokacin da suka yi karo, sukan binciko waɗanne zato ne suka haddasa shi, su rubuta sabuwar gaɓa da za ta hana a sake faɗawa wannan ramin a wani reshe. A ganina wannan koyo daga karo shi ne ya fitar da binciken yiwuwa daga littafi zuwa masana'anta.

Duk da haka babu wanda ya samo hanyar da take da sauri a kan kowace jimla. Stephen Cook a Kanada a 1971, da Leonid Levin a Tarayyar Sobiyet a 1973, kowannensu ya nuna cewa duk matsalar da ake iya duba amsarta cikin sauri ana iya mai da ita tambayar yiwuwar jimla, sannan Richard Karp a 1972 ya jero matsaloli 21 masu irin wannan wahala. Ko binciken yiwuwa yana da gajeriyar hanya ko ba shi da ita, wannan ita ce tambayar P da NP (P a nan ba harafin jimlarmu ba ne, sunan matsalolin da ake warwarewa cikin sauri ne, NP kuwa sunan waɗanda ake iya duba amsarsu cikin sauri), ɗaya daga cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Lissafi ta Clay ta sanya wa kowace kyautar dala miliyan ɗaya a shekarar 2000, kuma har yau ba a warware ta ba. Ka ga ashe tazarar da ke tsakanin tambayoyinka biyu, duba rabon da aka ba ka da nemo rabon da ba a ba ka ba, ita ce ainihin wannan babbar matsala.

Akwai nau'o'in da aka san suna da sauƙi, kuma jimlarka tana cikinsu. Idan kowace gaɓa ba ta wuce haruffa biyu ba, kowace tana zama sharaɗi biyu, misali (P ∨ R) tana cewa ¬P yana jawo R, ¬R kuma yana jawo P. Sai a bi sarƙar: a dokokinmu huɗu P yana jawo Q, Q yana jawo ¬R, ¬R yana jawo ¬P, ta ɗaya gefen kuma ¬P yana jawo R, R yana jawo P. Duk inda harafi ya jawo korensa, korensa kuma ya jawo shi, jimlar mustahila ce, idan kuwa babu harafin da hakan ta same shi, tana yiwuwa. Aspvall da Plass da Tarjan sun nuna a 1979 cewa wannan bincike ba ya cin lokacin da ya wuce gwargwadon tsawon jimlar. Gaɓoɓin Horn, waɗanda a kowace harafin da ba a kore ba bai wuce ɗaya ba, su ma masu sauƙi ne. Da zarar an yarda da haruffa uku a gaɓa ba tare da wani ƙaidi ba, cikakkiyar wahalar ta dawo.

Nauyin hujjar mustahilanci da na ambata yana bayyana ƙarara a manyan misalai. Jimlar da ke cewa an zuba tantabaru 11 a ramuka 10 ba tare da biyu sun haɗu a rami ɗaya ba, yaro ma ya san ba ta yiwuwa, amma Armin Haken ya tabbatar a 1985 cewa hujjar irin wannan jimla ta hanyar haɗa gaɓoɓi tana kumbura ninki bayan ninki yayin da ramuka suke ƙaruwa. A 2016 kuma Marijn Heule da Oliver Kullmann da Victor Marek suka warware wata tsohuwar tambaya: za a iya shafa wa lambobi launi biyu ta yadda babu lambobi uku masu cika a² + b² = c², irin 3 da 4 da 5, da za su zo da launi ɗaya? Daga 1 zuwa 7,824 ana iyawa, kuma shaidar jerin launuka ne guda da ƙaramar kwamfuta za ta duba nan take. Daga 1 zuwa 7,825 ba a iyawa, kuma hujjar hakan ta kai kimanin terabait 200.

A jarrabawa, idan haruffa ba su wuce uku ko huɗu ba kuma an ce ka rarrabe jimlar, zana jadawalin, ya fi aminci. Idan yiwuwa kaɗai aka tambaya, fara da ɓangaren da ya fi takura, ka bi tilas har ka sami rabo, sannan ka mayar da shi cikin jimlar ta asali ka gwada kafin ka rubuta. Idan kana zaton mustahila ce, nuna cewa kowane reshe ya ƙare da karo, kada ka bar ko ɗaya a buɗe. Sannan ka tuna cewa wannan manɗiƙi ba ya leƙa cikin harafi. Idan P na nufin wata lamba ta fi 5, Q kuma na nufin lambar nan ba ta kai 3 ba, P ∧ Q mai yiwuwa ce a wurinsa, domin shi haruffa biyu masu zaman kansu yake gani, sai in ka rubuta masa dangantakarsu da hannunka, wato ¬(P ∧ Q). Kama irin wannan karo tun daga tushe aikin manɗiƙin da ke da “kowane” da “akwai” ne, a can kuwa Alonzo Church da Alan Turing sun nuna a 1936 cewa babu wata hanya, mai sauri ko mai jinkiri, da za ta yanke hukunci a kan kowace jimla.